Tsargiya Daban, Ƙyanda Daban



A garinmu Magami da ƙauyukan da ke kewaye da shi, har zuwa ƙasar Tsafe da Bunguɗu, idan yaro ya kwanta jiki ya yi zafi, abu biyu akan yi masa: ko a jiƙa masa sassaƙe, ko a aika kasuwa a sayo kafso ja da yalo. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da ya kama shi ba. Tun da muka soma karatun ƙwayoyin cuta a aji, na ga wannan tambaya ita ce gaba da kome, domin makamin da ke kashe wata ƙwayar cuta ko gezau ba ya sa wata. Zan yi magana a kan iri biyu, waɗanda likitoci ke kira farasayit da bairas.

Manomi ya riga kowa sanin farasayit, ko da bai san sunan ba. Ƙuduji ba ya neman abincin kansa, sai ya maƙale a saiwar dawa yana tsotso har ta tsumbure. To haka farasayit yake. Halitta ce mai rai, tana ci tana haihuwa, amma a jikin wani take zaune. Tsutsar ciki farasayit ce, haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, haka kurkunu da tsargiya.

Bari in daɗe a kan tsargiya, don ita ce muka fi rainawa. Yaro ya yi fitsari ya ga jini a ƙarshensa, sai a ce zafin rana ne, wasu ma su ce alama ce ya zama namiji. Alhali kuwa tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a birnin Alƙahira a 1851. Tsawonta bai wuce santimita biyu ba, tana zaune cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai kowace rana har shekaru. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a gindinsa, kuma wajen ratsa bangon mafitsara ne yake jawo jinin nan da muke gani.

Ga yadda take zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. A can suke yaɗuwa, bayan 'yan makonni su fito dubbai suna iyo. Duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka, ko mai wanki, ko mai noman rani, sai su huda fatarsa su shige ba tare da ya ji ba. Watau ba sai an sha ruwan ba, taɓa shi ma ya isa. Shi ya sa cutar ta fi yawa inda ruwa ke kwanciya, kamar bakin gulbin Sakkwato da ya bi ta Gusau da Bunguɗu, da magudanan madatsar Bakalori ta Talata Mafara, wadda aka gama ginawa a 1978. In aka bar ta ta daɗe tana rage jini, tana lalata ƙoda, har takan kai ga ciwon daji na mafitsara. 'Yan mata ma ba su tsira ba, kunya ce kawai ke hana su faɗi, ga shi kuwa takan taɓa mahaifa. Abin takaici, maganinta ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya, sunanta firazikwantel, akan gwada tsawon yaro a jikin sanda a ba shi daidai da shi. Amma wanda ya warke ya koma ruwan nan, sai ta sāke kama shi.

Da yake farasayit zagaye yake yi, in an datse masa hanya wuri ɗaya ya ƙare. Kurkunu ne shaida. Ku tambayi kakanninmu yadda yake kwantar da magidanci da damina, ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa ta cinye ta. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da kurkunu a Nijeriya. Ba shi da ƙwayar sha, ba shi da allura. Tace ruwan sha da ƙyalle, da gina rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, su suka kore shi, tare da ƙoƙarin cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, da Janar Yakubu Gowon. Mutum na ƙarshe da ya yi shi a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Ni dai ban taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Zazzaɓin cizon sauro kowa ya san shi. Abin tunawa kawai, kulorokwin ya daina cin ƙwayar, tun 2005 gwamnati ta koma ga haɗin da ake kira ACT, kuma a gwada jini kafin a sha.

Bairas kuwa wani abu ne daban. Ƙanƙantarsa ta kai madubin likita irin na ɗakin gwaje-gwajenmu ba ya nuna shi. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya kutsa cikin ƙananan ɗakunan da aka gina jikinmu da su, ya tilasta musu su bar aikinsu su riƙa ƙera irinsa. Mura, ƙyanda, shan inna, agana, da yawancin ciwon hanta da muke kira shawara, duk aikinsa ne.

A nan kafso ya shigo. An yi shi ne don wani iri na uku, bakteriya, kamar masu kawo sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a jihar Zamfara a 2017. Yana rushe bangon bakteriya ko ya hana ta girma, bairas kuwa ba shi da irin wannan gini da za a rushe. Saboda haka uban da ya ɗura wa mai ƙyanda kafso ba da umarnin likita ba ya yi asarar kuɗi, ya kuma koya wa bakteriyar da ke jikin yaron jure magani.

Ƙyanda, wadda tsofaffi ke sakayawa da baƙon dauro, ta iska take tafiya. Cikin yara goma da ba a yi wa allura ba, in suka zauna da mai ita, kusan tara za su kamu. Takan bar makanta, ciwon huhun da ke biyo ta kuma shi ya fi kisa. Jiki ne kaɗai ke iya korarta, allurar rigakafi kuwa nuna wa jiki kamannin ɓarawo ce tun bai zo ba. Da ita aka shafe agana daga duniya a 1980. Da ɗigon baki aka ci ƙarfin shan inna na asali, ko da yake dakatar da ɗigon da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, har da tamu, ya sa cutar ta sāke bazuwa, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi.

Na san hanyar Magami zuwa Ɗansadau ta sha fama da rashin tsaro, ma'aikatan lafiya ba sa kai wa kowane ƙauye, mutane kuma sun taru a gari sun cunkushe, irin zaman da ƙyanda ke so. Don haka 'yan'uwana, idan mun je hutu mu karɓi katin asibitin ƙannenmu mu karanta wa iyayenmu mata. Allurar ƙyanda ta farko a wata tara ake yinta, ta biyu a wata goma sha biyar, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati.