Ina so in cire injin fetur in sa na dizal a 'yar Suzuki: ko zai biya ni?



Ni malamin dabbobi ne, aikina zagayen rugage da ƙauyuka a yankin Gumel da Maigatari. Ina da tsohuwar Suzuki Samurai mai fowil, kuma a cikin rairayi ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai yake cinye rabin abin da nake samu. Ga injin ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai. Bakanikena ya ce maimakon in gyara shi, in sayo injin dizal na Beljiyam ya dasa mini, wai shan mai zai ragu sosai. Na tara ɗan abin da na tara, kuma ba ni da wata motar. In yi, ko in haƙura?

Mai karatunku daga Gumel

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka.

Bakanikenka bai yi maka ƙarya ba, aikin yana yiwuwa. Kamfanin Santana na ƙasar Sifen ma ya taɓa ƙera Samurai da injin dizal na Peugeot mai lita 1.9, dangin wanda ke cikin 405 da 306. Sai dai idan rage kuɗin mai ne kaɗai burinka, ban ba ka shawarar ka taɓa motar nan ba.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Injin dizal yakan rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tafiyar da ke cin lita 100 ta fetur za ta ci wajen lita 75 ta dizal. To a Najeriya dizal ya daɗe ba shi da tallafi, kuma galibi ya fi fetur tsada. Duk ranar da kuɗin litarsa ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku, ribar ta tafi gaba ɗaya. Je gidan mai ka duba farashin biyun, ka fitar da abin da za ka tsira da shi a wata, sannan ka raba kuɗin aikin da shi. Adadin watannin da za ka yi kafin ka mayar da kuɗinka ke nan. In ya haura shekara biyu a tsohuwar mota, an gudu ne ba a tsira ba.

Kuma kuɗin aikin ba kuɗin inji ba ne kawai. Injinka na yanzu mai lita 1.3 na alminiyom ne, marar nauyi, a motar da ba ta cika tan ɗaya ba. Na dizal ɗin gangar jikinsa zubin ƙarfe ce, saboda matsin da yake yi wa iska ya ninka na fetur fiye da sau biyu, da zafin matsin ne man ke kamawa ba tare da fulogi ba. Wannan nauyi zai sauka a kan sifirin da shokozoba na gaba, dole a ƙarfafa su, in ba haka ba gaban motar zai riƙa nutsewa a rairayin da kake taƙama da ita a kai.

Bakin injin ba zai dace da giyabos ɗinka ba, sai an yanka farantin haɗi an daidaita kuloci. In aka kauce ko da kaɗan, kullum kana wurin gyara. A Peugeot injin a gicciye yake zaune, a Suzuki kuwa a miƙe, don haka sai an sake ƙafafunsa, a kuma tabbatar kaskon baƙin mai ba ya dukan gadar gaba. Sannan dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur: ƙarfin jansa a ƙasa yake. A cikin yashi za ka ji daɗinsa, amma a kan kwalta motar za ta riƙa kuka tun ba ta yi gudun kirki ba, sai an gyara giya ko an ƙara girman taya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne birki. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke tausasa birki. Na dizal ba ya yi, sai da ɗan famfonsa na musamman. Kada ka karɓi mota sai ka ga an haɗa shi, don wannan maganar rai ce. Ƙara da babban lagireto, babban batir, wayoyin hita, wankin tanki, bututun mayar da mai, da matatar da ke raba ruwa da dizal, domin gurɓataccen man bumburutu shi ke kashe nozul da famfo.

Ga shawarata. Fara kai injinka a auna matsinsa. Sau da yawa sabon ringi, gyaran kafireto da daidaita wuta suna rage shan mai da kuɗi kaɗan. In ya mutu murus, sayo irinsa, a kwana ɗaya ko biyu an dasa. Kayan iskar gas ta CNG suna aiki da injin fetur, amma tukunyar za ta cinye bayan motarka, kuma a rugage ba inda za ka cika ta.

In kuwa ƙarfin ja da dogon zango kake nema har ka yanke shawarar yi, nemi inji mai famfon da ba ya buƙatar kwamfuta, a tayar da shi a gabanka da sanyin safiya, a sa masa sabon bel ɗin tayimin. Ba wa bakaniken da zai nuna maka motar da ya taɓa yi wa irin aikin, ka tuƙa ta da hannunka. Ku rubuta jimillar kuɗin kafin a kwance ƙusa ɗaya. Bayan an gama, je ofishin lasisin mota a sauya lambar inji a takardunka, ka kuma sanar da masu inshora.

Motar nan ita ce hanyar abincinka, kada ka kwantar da ita wata da watanni a gareji kan lissafin da ba a yi ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.