Hoto Kafin Wuƙa

Ina so in yi magana a kan yadda likitoci suke ganin cikin kan mutum tun ba su taɓa shi da wuƙa ba. Ƙwaƙwalwa aba ce mai laushi ainun, tana kulle cikin ƙoƙon kai. A da, likita sai ya dubi hannun da ya shanye ko maganar da ta sarƙe, ya kintaci inda ciwo yake, sa'an nan ya buɗe. In ya kuskure kaɗan, mai ciwo yana iya rasa gani ko magana har abada.

A shekarar 1895 wani Bajamushe, Rontgen, ya gano hasken da ke nuna ƙashi, amma hoton nan ba ya nuna naman ƙwaƙwalwa sosai. Sai a 1971, a London, aka fara gwada na'urar Godfrey Hounsfield a kan majinyaciya, watau siti-sikan. Ita tana nuna kai yanka-yanka, kamar yadda ake yanka albasa a ga zobbanta. Daga baya aka sami ta maganaɗisu, em-ar-ai, wadda ta fi ta fito da ƙari da tabon da ke jawo wata irin farfaɗiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake aiki da hoton a ɗakin tiyata. Ana ɗora shi a kwamfuta, likita ya riƙe wani ɗan tsinke, duk inda ya sa bakinsa a kan majinyaci sai wurin ya bayyana a allo. Amma fa akwai matsala: da an buɗe ƙoƙon, ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa, hoton ya daina dacewa daidai. Shi ya sa masu bincike suka koma ɗaukar sabon hoto ana tsakiyar aiki.

To, mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram, ina ruwanmu? Ruwanmu babur. Mutum yakan faɗi ya bugi kai, ya tashi ya kakkaɓe riga, har ya yi dariya. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai da barcin da ba a iya tashinsa. Sau da yawa jini ne yake taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, siti-sikan kuwa tana nuna shi cikin 'yan mintoci. A ganina, kuskure ne babba a ce a bar shi ya huta zuwa safe. A garzaya da shi asibitin tarayya na Birnin Kudu, likitoci su duba ko sai an wuce da shi Asibitin Malam Aminu Kano, inda akwai masu tiyatar ƙwaƙwalwa. Tafiyar Kano ta haura kilomita 100, jinin kuwa yana ƙaruwa ana bisa hanya.