Idan Umarnin Tsayawa Biyu Suka Haɗu, Wanne Inji Zai Bi?

Na'urar da ke sarrafa gudun injin lantarki a masana'anta ba hanya ɗaya take tsayar da shi ba. Ƙa'idar IEC 61800-5-2, wadda ta fara fitowa a 2007, ta bayyana hanyoyin.

STO ce mafi sauƙi: tana katse wutar da ke juya injin nan take. SS1 tana rage gudu tukuna, sannan ta koma STO. SS2 kuwa takan tsayar da injin ta riƙe shi da wuta a inda ya tsaya.

A na'urorin SINAMICS na Siemens, STO ce ke gaba da duka. Ko SS1 na tsakiyar rage gudu, da STO ta shigo, an fasa birkin.

A nan ne sabon ma'aikaci ke ruɗewa. Katse wuta ba birki ba ne. Babban zarto zai ci gaba da juyawa har ƙarfinsa ya ƙare, kayan da aka ɗaga sama kuma suna iya faɗowa in babu birkin ƙarfe. Shi ya sa ake haɗa maɓallin gaggawa na irin waɗannan injina da SS1.

STO kuma ba ta raba na'urar da layin wuta. Mai gyara sai ya kashe babban makunni, ya jira cajin ciki ya sauka kafin ya sa hannu.