Mai ɗaukar ma'aikatan manhaja: sai ta koyi rubuta manhaja?

Tambaya: Malam, aikina shi ne nemo wa kamfanoni masu rubuta manhaja. In muka zauna da mai neman aiki sai ya yi ta jero mini sunayen da ban san kansu ba, ina gyaɗa kai kawai. In shiga koyo ne, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Malama, ki koya, amma ki san iyakar abin da kike nema. Ba injiniya za ki zama ba. Dillalin kara ba lallai ya taɓa kiwo ba, amma in bai iya duba haƙorin sa ya gane shekarunsa ba, zai cuci mai saye da mai sayarwa.

Ɓarnar rashin sani tana fara fitowa ne tun daga sanarwar aiki. Java da JavaScript duk a 1995 suka fito, sunansu ya yi kama, amma ba su haɗa gida ba: kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da na farko, Brendan Eich kuma ya ƙirƙiri na biyu a Netscape. Wadda ba ta san haka ba za ta tura wa kamfani mutumin da bai dace ba, ta kuma ture wanda ya dace. A 2020 Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiri FastAPI, ya ba da labarin wata sanarwa da ta nemi gogewar shekara huɗu a kan FastAPI, alhali shi kansa bai fi shekara ɗaya da rabi da yin ta ba.

Ki fara da Python, don rubutunsa ya fi sauƙin karantawa ga sabon shiga. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard da na freeCodeCamp kyauta ne a intanet. Kada ki tsaya kallon bidiyo kawai. Ki rubuta ƙaramar manhaja mai amfani ga aikinki, misali wadda za ta ware sunayen masu neman aiki gari-gari. Za ta ƙi aiki. Za ki yi sa'a guda kina lalube, ashe aya biyun da ake sawa a ƙarshen layi ce kika manta. Wannan laluben shi ne babban darasin, domin a cikinsa ma'aikatan da kike ɗauka suke wuni.

Bayan nan ki buɗe shafi a GitHub, ki ga yadda ake ajiye aiki da gyara shi, ki ɗan taɓa SQL. Ki kuma san dangantaka: React daga JavaScript take, Django daga Python. Wanda ya rubuta React a takardarsa ya riga ya gaya miki ya san JavaScript.

A ganawa, ki daina tambayar “Ka iya kaza?” Kowa zai ce ya iya. Ki ce: “Wace matsala ce ta fi ba ka wuya a aikinka na baya, yaya ka gano ta?” Wanda ya yi aikin da hannunsa zai bi da ke daki-daki, mai haddar sunaye zai fara kame-kame.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: ɗan sanin da za ki samu bai kai ki yanke hukunci kan ingancin rubutun wani ba. Jarrabawar fasaha ta injiniyoyin kamfanin ce. Naki shi ne ki zauna da su kafin a fitar da sanarwa, ki tambayi abin da ya zama dole da abin da za a iya koya a kan aiki. Ki ware rabin sa'a kullum, ki fara yau.