Fitilar Ɗakin Yara a Tsohon Gida

Shirin kimiyya na wannan mako zai yi bayani ne a kan wani abu da mutane ke ɗauka ƙarami, watau fitilar lantarki da ake maƙalawa a rufin ɗakin da yara ke kwana. A sabon gida zaɓen fitilar nan ba wuya. Amma a gidan da ya daɗe, akwai abubuwa uku da ya kamata magidanci ya bincika tun bai sayi kome ba: wayar da ke cikin rufi, da fentin da ke jikin rufi, da kuma irin hasken da zai sauka a idon yaro.

Za a ɗauki misali daga Soundview, wata unguwa ce a gundumar Bronx ta birnin New York, a ƙasar Amurka. Jirgin ƙasa mai bi ta bisa gada ya iso unguwar nan a 1920, daga nan aka shiga gina gidajen bulo jere da juna, sa'an nan cikin shekarun 1950 hukuma ta ƙara da dogayen benaye. Yawancin waɗannan gidaje suna nan har yau, da iyali a ciki. Gundumar Bronx kuwa matattara ce ta mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawan zango na Gana da na Nijar da na Nijeriya.

Abu na fari shi ne waya. A zamanin da aka gina gidajen farko na unguwar, roba da zane ake naɗa wa wayar lantarki don kada wuta ta tsallake. Wannan naɗi yakan jure zafi har digiri 60 na ma'aunin santigired, daga nan sai ya soma lalacewa. To, ƙwan fitila irin na dā, mai siririn zare a ciki, ba ya ba da haske sai zaren ya yi jawur. Cikin kashi 100 na wutar da yake sha, wajen kashi 90 zafi suke zama. Zafi kuwa sama yake tashi, ya taru daidai inda wayoyi suka haɗu a bisa fitilar. Shekara da shekaru ana gasa robar, har ta bushe, ta riƙa farfashewa kamar ɓawon gyaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar waya ta yi tsirara, tartsatsi na iya tashi a cikin rufi, inda ba mai gani. Mutanen Bronx sun san abin da gobarar dare ke yi. A 2007, a unguwar Highbridge, wayar abin ɗumama ɗaki ta ta da wuta, mutum 10 na iyalan Mali suka rasu, 9 daga cikinsu yara.

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 wayar da ake sa wa sababbin gidaje a Amurka tana jure digiri 90, saboda haka fitilu da yawa na kanti suna ɗauke da gargaɗi cewa sai da irin wannan waya za a haɗa su. Wanda ya haɗa su da tsohuwar waya ya yi ganganci. Dokar birnin New York ma ta ce aikin waya na mai lasisi ne. Ɗan haya kuwa sai ya sanar da mai gidan tukuna.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne ƙwan da ake kira LED. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda binciken da ya haifar da farin haskensa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, watau wajen lumen 800, gama lumen shi ne ma'aunin yawan haske, wat kuwa ma'aunin wutar da ake sha. Da yake wutar kaɗan ce, zafin ma kaɗan ne, tsohuwar waya ta huta ke nan. Tun daga 2023 aka hana sayar da yawancin ƙwai masu zare a Amurka. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12, ƙwai biyu irin wannan sun ishe shi. Sai dai in fitilar mai murfi ce a rufe ruf, a nemi ƙwan da aka rubuta a kwalinsa ya dace da haka, domin LED ma ɗumi na rage masa kwana.

Abu na biyu shi ne fenti. A dā ana zuba dalma cikin fentin gida don ya yi ƙarko. Birnin New York ya hana wannan a 1960, ƙasar Amurka duka ta bi a 1978. Amma tsohon fentin yana nan ƙarƙashin sabo. In aka huda rufi don a ɗaura fitila, ƙurarsa ta zubo bisa gado da dandamali, yaro ya taɓa, ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, lahanin kuwa ba ya komawa. Masu sauraro ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kafin a fara aiki, a fitar da yara, a shimfiɗa leda, a jiƙa wurin da za a huda. In an gama a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya, gama shara tana ta da ƙurar ne kawai.

Abu na uku shi ne launin haske. Akwai wani sinadari, melatonin, wanda Aaron Lerner da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Yale a 1958. Ƙwaƙwalwa ke sakinsa in duhu ya yi, shi ke shaida wa jiki lokacin barci ya zo. Haske mai ƙarfi, musamman farin nan mai shuɗi-shuɗi, yana danne shi. Idon yaro kuwa ya fi na babba garau, ƙofar da haske ke shiga ta fi buɗewa. A 2018 masana na Jami'ar Colorado suka ba da labarin gwajin da suka yi da yara 10 masu shekara 3 zuwa 5. Awa guda cikin haske mai ƙarfi kafin kwanciya ta rage musu melatonin da wajen kashi 88 cikin 100. Don haka a duba lambar kelbin a jikin kwali. Mai 2,700 yana da ɗan ja-ja kamar hasken aci-balbal, shi ya dace da ɗakin kwana. Mai 5,000 zuwa 6,500 hasken tsakar rana yake kwaikwayo, wurinsa ɗakin girki ko shago.

Game da siffar fitilar, wadda ta lafe a jikin rufi ta fi mai reto, domin yara sukan yi wasan jifa, wanda ke kwana a gado mai bene kuma hannunsa na iya kaiwa. Murfin roba mai hazo-hazo ya fi gilashi, ba ya fashewa, yana kuma tausasa haske ga wanda ke kwance yana duban sama.

Wannan darasi bai tsaya a Soundview ba. Ko da yake wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230, tsofaffin gidajen Sabon Garin Kano da na Zariya da ba a sake musu waya ba tun zamanin Turawa halinsu ɗaya ne. Magidancin da ya ga baƙi-baƙi a rufi kewaye da fitila, ko ya ji ƙauri, ko ya ga haske na kyafta ido, ya kashe makunni nan take, ya kira mai aikin wuta kafin yara su sake kwana a ɗakin.

Ƙarshen shirin wannan mako ke nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.