Mataimakin Wa? Tarkon Sunayen Muƙamai a Fassara

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata kunya da na kusa sha a bara. An ba ni aikin fassara katin gayyata na bikin Makon Hausa, sai na tarar an sa Vice-Chancellor a matsayin babban baƙo. Ban yi wata-wata ba na rubuta "Mataimakin Shugaban Jami'a", tunda kowa ya san Vice-President mataimakin shugaban ƙasa ne. Allah ya sa malaminmu na fassara ya duba kafin a kai wa masu bugawa. Ya ce da ni, "To, mataimakin wa?" Na yi tsuru-tsuru. Da katin ya fita haka, da mun rage wa mutum muƙami a bainar jama'a, alhali a wurinsa muke neman ɗakin taro.

Kalmar vice daga Latin ta fito, ma'anarta "a madadin". A tsarin jami'a da muka gada daga Ingila, Chancellor muƙamin girmamawa ne. A Nijeriya galibi wani babban sarki ake bai wa, kuma an fi ganinsa ranar bikin yaye ɗalibai. Shi ne uban jami'a. Wanda ke tafiyar da jami'a yau da kullum kuwa shi ne Vice-Chancellor, don haka shi ne shugaban jami'a, ba tare da wani ƙari ba. Mataimakinsa na haƙiƙa shi ne Deputy Vice-Chancellor. Akwai kuma Visitor, wanda ba baƙo ba ne ko kusa: a jami'o'in tarayya shugaban ƙasa ke nan, a na jihohi kuwa gwamna.

Ita wannan Chancellor ɗin ma hawainiya ce, da zarar ta sauya ƙasa sai ta sauya launi. A Jamus shi ne mai riƙe da ragamar mulki, shi ya sa gidajen rediyo suka riƙa kiran Angela Merkel "shugabar gwamnatin Jamus" daga 2005 zuwa 2021. Ba su ce shugabar ƙasa ba, domin Jamus na da shugaban ƙasa daban. A Birtaniya kuma Chancellor of the Exchequer ministan kuɗi ne kawai.

Haka secretary take. Mu a nan da mun ji sakatare sai mu tuna mai rubuta bayanan taro. Amma Secretary of State a Amurka daidai yake da ministan harkokin waje, muƙamin da Hillary Clinton ta riƙe daga 2009 zuwa 2013. Kada kuma kalmar state ta ruɗe ku ku ce "jiha". Minister of State a Nijeriya ƙaramin minista ne, ba ministan jiha ba, domin jihohi kwamishinoni gare su.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce President, saboda ko a ƙasa ɗaya nauyinta yakan bambanta. Daga 1963 zuwa 1966 Dakta Nnamdi Azikiwe ne shugaban ƙasa, amma gwamnati tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai a 1979, da Alhaji Shehu Shagari ya hau, kalmar ta koma nufin shugaba mai cikakken iko. Wanda ke fassara littafin tarihi dole ya lura da shekarar da ake magana a kai.

Tun daga lokacin, kafin in buɗe ƙamus nakan tambayi kaina: me mai muƙamin nan yake yi, kuma wa ke samansa? Ku gwada da Speaker da Chief Whip na majalisa. Na farkon mun saba ce masa kakaki, duk da cewa aikinsa shugabantar zama ne. Na biyun wasu na cewa bulaliyar majalisa, wasu mai tsawatarwa. Ni dai na fi karkata ga mai tsawatarwa, amma ina son jin hujjar masu bulala.