Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Lissafin Kason Ma'aikata Cikin Jimillar Ciniki

Daga cikin ma'aunan da ake gane lafiyar kamfani da su akwai wanda ke nuna ko nawa ne ke tafiya wajen ɗaukar nauyin ma'aikata cikin kowace Naira 100 da aka yi ciniki. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: a raba jimillar kuɗin da aka kashe kan ma'aikata da jimillar cinikin shekara, sannan a ninka sakamakon sau 100. Wuyar aikin tana wajen sanin abin da ya kamata ya shiga kowane ɓangare.

Ɗalibai da dama kan ɗauka albashi shi ne dukkan abin da ma'aikaci ke ci wa kamfani, alhali kuwa doka ta ɗora wa mai kamfani wasu nauye-nauyen. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta masa zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ban da kashi 8 da ake cira daga albashin shi ma'aikacin. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, haka nan kamfanonin da dokar asusun horaswa na ITF ta shafa suna biyan wani kashi 1. Akwai kuma inshorar rai, da kuɗin magani, da abinci, da ladan aikin bayan lokacin tashi, da na 'yan ƙwadagon da akan ɗauka idan aiki ya yi yawa.

Mu ƙaddara akwai wata maɗaba'a a Shomolu ta Jihar Legas mai ma'aikata 30, kowannensu na karɓar Naira 100,000 a wata. Albashin shekara ya kama Naira miliyan 36. Idan aka ɗauka duka albashin ne ake lissafa wa fansho, kason kamfani zai zama miliyan 3.6, NSITF da ITF kuma Naira 360,000 kowanne. Sauran ɗawainiya, mu ce miliyan 4.68. Jimilla ta tashi Naira miliyan 45. In cinikin shekara miliyan 300 ne, to kason ma'aikata kashi 15 ne cikin 100. Wanda ya tsaya kan albashi kaɗai zai sami kashi 12, ya ɓoye wa kansa Naira miliyan 9.

Shi ma cinikin sai an tace shi. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a shekarar 2020, kuɗin gwamnati ne da kamfani ke karɓa a madadinta. Idan aka bar shi a ciki, cinikin maɗaba'ar zai zama miliyan 322.5, kason kuma ya sauka zuwa kusan kashi 14. Bashin banki da kuɗin sayar da tsohon inji su ma ba ciniki ba ne.

Muhimmin abin lura shi ne wannan ma'auni yana motsawa ta fuska biyu. Idan aiki ya ja baya ciniki ya faɗo zuwa miliyan 225, kason zai haura zuwa kashi 20 ba tare da an ƙara wa kowa ko kwabo ba. A nan matsalar ta kasuwa ce, kuma mai kamfanin da ya yi gaggawar sallamar ƙwararrun masu tuƙa inji zai neme su ya rasa ranar da aiki ya dawo. Idan kuwa tsadar takarda ta sa an ƙara farashi ciniki ya kai miliyan 375 alhali yawan aikin bai ƙaru ba, kason zai sauka zuwa kashi 12. A littafi abin ya yi kyau, amma a zahiri darajar albashin ma'aikata ce ta zube.

Saboda haka ne masu nazari kan ƙara da lissafi na biyu, wato su auna kuɗin ma'aikata da abin da ya rage bayan an cire kuɗin kayan aiki. Idan takarda da tawada da man janareta sun cinye miliyan 210 daga cikin 300, saura miliyan 90, rabinsa kenan ke tafiya ga ma'aikata. Daga ragowar ne za a biya haya da ruwan bashi kafin a yi zancen riba. Wannan ne ya sa ba a kwatanta dilan siminti, mai ciniki da yawa da ma'aikata kaɗan, da makaranta ko asibiti, inda aikin mutane shi ne hajar da ake sayarwa. Kwatance sai tsakanin sana'a iri ɗaya, ko tsakanin bana da bara a kamfani guda.

Ƙarin mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a shekarar 2024 ya nuna amfanin wannan lissafi, domin fansho da sauran kuɗaɗen da ake cira bisa albashi suna tashi tare da shi. A ƙananan kamfanoni kuma wajibi ne a yanka wa mai kamfani da 'ya'yansa masu aiki a ciki albashi a lissafi, in ba haka ba ladan guminsu ne zai riƙa fitowa da sunan riba.

Aikin gwaji: idan maɗaba'ar ta ƙara albashi da dukkan ɗawainiyar ma'aikata da kashi 20 cikin 100, cinikin nawa take bukata domin kason ya tsaya a kashi 15?